Kansar harshe: tiyata, gashi, da makonni shida da ke tsakaninsu

Cikin baki yana daga wuraren da suka fi saurin warkewa a jikin mutum. Ka ciji harshe kana cin tsire, ko shayi ya ƙona ka da sanyin safiyar Jos, kafin mako biyu ka manta da zancen. Shi ya sa likitoci suka yanke wa'adi: gyambon baki da ya kai mako uku bai kama hanyar warkewa ba ya fi ƙarfin mai kyamis, na asibiti ne. Wanda ake tsoro, wato na kansa, yakan fito a gefen harshe, daidai inda yake gogar matauna. In ka taɓa shi da yatsa za ka ji tauri a bakinsa da ƙarƙashinsa, kuma da farko sau da yawa ba ya zafi, abin da ke sa a raina shi ke nan. Daga baya sai ya riƙa tsatsar jini, magana ta yi nauyi. Wani ma ciwon kunne ne zai kai shi asibiti alhali kunnen lafiyarsa lau, domin jijiyar harshe da ta kunne rassa ne na jijiya ɗaya. Farin tabo ko jan tabo da ba ya gogewa shi ma abin dubawa ne, kuma jan ya fi haɗari.

Taba ce kan gaba wajen jawo wannan ciwo, ta zuƙa ko garin da ake cusawa a leɓe, sai giya, in kuwa suka haɗu haɗarin ninkuwa yake yi. Amma ana samunsa ga wanda bai taɓa kusantar ko ɗaya ba, har da mata da matasa, saboda haka "ai ba ya shan komai" ba hujjar zama a gida ba ce. Sannan harshe kashi biyu ne a wurin likitoci. Gindinsa da ke can wajen maƙogwaro yana da nasa hukunci, kansarsa kan zo ta dalilin ƙwayar cutar HPV, kuma sau da yawa gashi (kashe ƙwayoyin kansa da hasken inji) da kemo (maganin kashe ƙwayoyin kansa) ake fara yi mata. Zancenmu a kan ɓangaren gaba ne, wanda ke motsi, wanda mutum zai iya fito da shi ya gani a madubi. A nan tiyata ce magani na farko.

Hukumar binciken kansa ta duniya da ke Liyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 kusan mutum 390,000 ne suka kamu da kansar leɓe da cikin baki, kimanin 188,000 kuma suka rasu. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa idan aka kama kansar harshe tun ba ta bar wurinta ba, damar kaiwa shekara biyar ta haura 80 cikin 100, idan kuwa ta riga ta kai sassa masu nisa kamar huhu, sai ta sauko wajen 40. Abin da nake so iyalai su riƙe shi ne jinyar nan ba yanka kaɗai ba ce. Gwaji ne, sai yanka, sai sakamakon abin da aka yanke, sannan ga mutane da yawa gashi. A ganina, mun fi rasa mutanenmu a tsakanin waɗannan matakai fiye da a kan gadon tiyata.

Giɓi na farko yana gabanin gwaji. Zato ba tabbas ba ne: haƙori mai kaifi yana haƙa rami a harshe, tarin tibi ma kan fito a can, haka wasu cututtukan da magani ke kashewa. Babu likitan da zai iya rantsuwa da ido kaɗai, dole sai an ɗebi tsoka. Amma ga maganar da kowa ya tashi ya ji, wai ciwon daji ba ya son ƙarfe, da zarar allura ko aska ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Na fahimci inda maganar ta samo asali. Mutum ya yi wata takwas yana shafa zuma da garin magani, sai da abu ya ci ƙarfinsa aka kai shi asibiti, aka ɗebi tsoka, ba a jima ba ya rasu. 'Yan'uwa sun ga ƙarfen, ba su lissafa watanni takwas ɗin ba. Ɗibar tsoka ba ta yaɗa kansar harshe. Allurar kashe zafi ake yi a wurin, a yanki ɗan guntu daga bakin gyambon tare da lafiyayyen naman da ke kusa, a yi ɗinki ɗaya ko biyu, mutum ya koma gida a ranar. A Jos, sashen haƙori da tiyatar baki ko sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo su ne ƙofar shiga. Idan sakamako ya tabbatar, sai a ɗauki hoton CT ko MRI na baki da wuya, a duba ƙirji. A wannan zama ne ya kamata majinyaci ya faɗi gaskiyar abin da yake sha da abin da ya shafa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da ido ke gani faɗin gyambo ne, amma abin da ya fi damun likita zurfinsa ne. Harshe tsoka ce zalla, babu ƙashi ko wata katanga a ciki da za ta tare ciwon, kuma cike yake da ƙananan hanyoyin ruwa da ke gangarawa zuwa kaluluwar wuya. Iya nutson ciwon, iya yiwuwar ya shiga waɗannan hanyoyi. Saboda haka ne tsarin auna matakin kansa da aka fara aiki da shi a 2018 ya shigar da zurfi cikin lissafi. Ciwon da bai wuce santimita 2 a faɗi ba, kuma bai wuce milimita 5 a zurfi ba, shi ne mafi ƙanƙanta. Da zurfin ya haura milimita 10 kuwa, yakan shiga sahun manya ko da a ido bai yi girma sosai ba.

Shi kansa yankan gwargwadon ciwon ne: wani ɗan yanki ake cirewa daga gefe, wani rabin harshe, wani fiye da haka, kaɗan ne ake cire wa duka. Abin da ke ɗaga hankalin iyali shi ne su ga an cire fiye da inda ciwon yake. Duk matar da ta taɓa feraye dankalin turawan da ya fara ruɓewa ta san ba a bin bakin ruɓar daidai wa daida, sai an haɗa da lafiyayyen gefe, in ba haka ba abin da aka bari zai ci gaba da cin sauran. Likita yakan bar aƙalla santimita ɗaya na lafiyayyen nama kewaye da ciwon, ta sama, ta gefe da ta ƙasa. Naman yana tsukewa bayan an cire shi, kuma abin da ake nema shi ne idan an duba a ƙarƙashin madubin gwaji a tarar da aƙalla milimita 5 tsakanin ƙwayoyin kansa da bakin yanka. Roƙon "likita, a taimaka a rage yankan" roƙo ne na ƙauna, amma biyansa cutarwa ce.

Idan ramin da aka bari ƙarami ne, haɗe bakinsa ake yi a ɗinke. Idan ya kai rabin harshe sai an yi ciko, domin harshen da aka ɗinke ya manne da ƙasan baki ba ya iya juya loma, ba ya iya fitar da harafi. Hanyar da ta fi kyau ita ce a ɗauko fata da jijiyoyin jininta daga sangalin hannu, dabarar da likitocin Sin suka fito da ita a farkon shekarun 1980, ko daga cinya, a haɗa jijiyoyin da na wuya a ƙarƙashin madubi. Aiki ne na sa'o'i masu yawa, yana buƙatar ƙwararru da kayan aiki na musamman. Inda babu wannan, akan juyo tsokar ƙirji ta ƙarƙashin fata zuwa baki, hanyar da ake bi tun 1979. Ta fi kauri, ba ta kai ta hannu laushi ba, amma tana da juriya kuma ta rufa wa mutane da yawa asiri. Cikon ba ya motsi da kansa, ba ya jin ɗanɗano. Ragowar harshen ne ke jan sa.

Sai maganar wuya, wadda ta fi kowace wuyar shiga kunnen iyali. Likita zai ce, "Baba, sai mun buɗe wuyan nan ma mun kwashe kaluluwa." Babban ɗa zai karɓe: "Likita, ai a harshe ciwon yake, kuma hoto ya nuna wuyan ba komai. Me ya kawo yanka biyu?" Tambaya ce ta mai hankali. Amsar ita ce, cikin masu ƙaramar kansar harshe da hannu bai ji komai a wuyansu ba, hoto ma bai gani ba, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 suna ɗauke da ƙwayoyin kansa a ɓoye cikin kaluluwa. An daɗe ana muhawara ko a kwashe tun farko, ko a jira sai ta kumbura. Asibitin Tata Memorial na Mumbai a Indiya ne ya raba gardamar, a binciken da Dakta Anil D'Cruz ya jagoranta aka wallafa a 2015. Cikin majinyata 500 da aka nazarta, waɗanda aka kwashe wa kaluluwa tare da aikin baki 80 cikin 100 suna raye bayan shekara uku, waɗanda aka jira kuwa 67.5. Wato a duk mutum takwas da aka yi wa aikin wuya tun farko, an tsirar da rai guda.

Wannan bincike ya fi yi mana magana fiye da Turawa. Jira yana nufin mutum ya riƙa dawowa asibiti kusan kowane wata ana latsa wuyansa ana ɗaukar hoto. Manomin da ya fito daga Mangu ko Bokkos, in ya ji sauƙi ya koma gona, ba lallai a sake ganinsa ba sai ƙullutun ya kai girman ƙwai. Akwai wata hanya ta gano kaluluwar farko da ruwan harshe ke zuba a ciki a cire ita kaɗai a gwada, amma tana buƙatar kayan aikin da ba kowane asibiti ke da su ba. Aikin wuya yana da nasa farashi, kuma haƙƙin majinyaci ne a faɗa masa: fatar wuya da kunne kan yi sanyi ta daina ji na ɗan lokaci, kafaɗa kan yi nauyi saboda jijiyar da ke ɗaga ta tana ratsa wurin, gefen leɓen ƙasa kan karkace. Yawancinsu suna sauƙi da lokaci da motsa jiki.

Kwanakin farko bayan babban aiki suna firgita mai jinya in ba a shirya shi ba. Zai shiga ya tarar da roba a hanci, wata siririya tana zuƙo jini daga wuya zuwa cikin gora, wani lokaci da ƙaramin bututu a maƙoshi don numfashi, saboda harshe kan kumbura ya toshe hanyar iska. Majinyaci ba ya magana, sai nuni ko rubutu, don haka a ajiye masa littafi da biro kusa da hannu. Abinci ta robar hanci yake bi: a tace kunun gyaɗa ko na acca sosai, a haɗa da madara da duk abin da masu kula da abinci na asibiti suka tsara, a zuƙa a babban sirinji, a tura a hankali majinyaci yana zaune, a bi da ruwa don kada robar ta toshe. Duk waɗannan robobi ga mafi yawan mutane na wucin gadi ne.

Ranar sallama ba ita ce ranar hukunci ba. Hukuncin yana cikin takardar da za ta fito daga ɗakin gwaji game da naman da aka cire, kuma ita ce takarda mafi muhimmanci a duk jinyar. Kada a bar ta a fayil ba a karanta wa iyali ba. A tambayi likita kai tsaye: zurfin milimita nawa ne? Bakin yanka ya fita tsaf, ko ciwon ya matso kusa, ko ya taɓa? Kaluluwa nawa aka cire, nawa ke da ciwo? Ciwon ya fasa ɓawon kaluluwar ya fito? Ya bi jikin jijiya ko ya shiga hanyoyin jini?

Amsoshin nan su ke raba hanya. Idan ciwon ƙarami ne, bakin yanka ya fita, wuya kuma babu komai, tiyatar ta wadatar, sai bibiya. Idan bakin yanka ya taɓa ciwon kuma akwai halin komawa, wani lokaci ƙarin yanka ya fi. Idan ciwon babba ne ko mai zurfi, ko kaluluwa fiye da ɗaya ta kamu, ko ya bi jijiya, gashi ake ƙarawa. Abubuwa biyu ne ke sa a haɗa gashi da kemo: ciwo a bakin yanka, da fashewar ɓawon kaluluwa. Wannan ya samo asali ne daga manyan bincike biyu, ɗaya a Turai ɗaya a Amurka, da aka wallafa a 2004, waɗanda suka nuna cewa ƙara maganin cisplatin a kan gashi yana rage dawowar ciwon ga masu haɗari mai yawa. Kemo shi kaɗai ba ya maye gurbin gashi, ballantana tiyata.

A nan giɓi na biyu yake, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Ƙa'ida ita ce a fara gashi cikin mako shida da yin tiyata, domin ƙwayoyin da suka saura ba sa jira, hayayyafa suke yi. Mako shida kuwa ba komai ba ne in ka lissafa: warkewar rauni, jiran sakamako, takardar turawa, layin ganin likitan gashi, hoton tsara gashin. Shekara da shekaru majinyatan Filato suna gangara Hawan Kibo su bi ta Akwanga da Keffi zuwa Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, ko su bi ta Saminaka da Pambeguwa zuwa Shika a Zariya. Injinan gashi a ƙasar nan kaɗan ne in aka kwatanta da yawan jama'a, layi yana da tsawo, inji kuma yakan tsaya. Iyalin da suka tattara duk abin da suke da shi suka biya tiyata, sannan aka ce musu saura gashi, sai su koma gida neman kuɗi, wata uku ta wuce. Shawarata ita ce tun ranar da aka sa ranar tiyata a tambayi likita ko akwai yiwuwar gashi, a nemi takardar turawa da wuri, a san cibiyar da injinta ke aiki, a san ɗan'uwan da za a sauka wurinsa a Mararaba ko Kubwa ko Samaru na kusan wata biyu. Kuɗin da dangi da masallaci ko coci za su haɗa a kasa shi biyu tun farko. Asusun tallafin kansa na gwamnatin tarayya da kansar mama, ta bakin mahaifa da ta furostet (ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar maza) ya fara, don haka mai ciwon harshe kada ya gina lissafinsa a kansa sai ya tambaya ya tabbatar. Mai inshorar lafiya shi ma ya binciki abin da ta ɗauke masa kafin a shiga.

Kafin gashi sai an ga likitan haƙori. Gashi yana rage jinin da ke ciyar da ƙashin muƙamuƙi, don haka ruɓaɓɓun haƙora gara a cire su tun da wuri, aƙalla kwana goma zuwa mako biyu kafin a fara, ko ma a cikin tiyatar kanta. Sannan a yi wa majinyaci abin rufe fuska: wata raga ce ta roba da ake tsomawa a ruwan ɗumi ta yi laushi, a shimfiɗa a fuska da kafaɗu ta bushe da siffarsa, kullum da ita za a ɗaure kansa a gado don hasken ya sauka wuri ɗaya. Zama 30 zuwa 33 ne, Litinin zuwa Juma'a, mako shida ko shida da rabi. Kowane zama 'yan mintoci ne kuma ba a jin komai. Wahalar daga mako na biyu zuwa na uku take farawa: baki ya saluɓe, haɗiya ta zama aiki, ɗanɗano ya gudu, miyau ya yi kauri sannan ya ƙafe. A nan ne mutane ke cewa bari su huta mako guda, kuma hutun nan riba ce ga ciwon. A nemi maganin zafi mai ƙarfi, a riƙa kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, a bar yaji da tsami da abu mai zafi, a koma ga kunu, fate mai laushi, nono marar tsami, ƙwai, miyar kuɓewa ko karkashi da ke taimakon haɗiya. In nauyi yana zubewa a karɓi robar abinci ba tare da jin kunya ba.

Shi cisplatin ta ƙarin ruwa ake ba da shi, ko dai babban awo sau uku, mako uku-uku, ko ƙarami kowane mako. Yana taɓa ƙoda da ji, shi ya sa ake gwada jini kafin kowane zagaye, kuma ba kowa ake ba shi ba, musamman wanda ya haura shekara 70 ko mai raunin ƙoda. Mai shan sa ya nisanci magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da jiƙe-jiƙen gargajiya, ya sha ruwa da yawa. Zazzaɓi a lokacin kemo na gaggawa ne, ba na jiran wayewar gari ba. Idan jinyar ta faɗo cikin azumi, aya ta 185 a Suratul Baƙara ta ba marar lafiya damar ramawa a wasu kwanaki.

Akwai wanda za a tarar ciwonsa ya wuce yanka, ko jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba. Shi ma ba a sallame shi ba: gashi da kemo kan rage ciwon, su tsayar da jini da wari, kuma maganin zafi har da mofin haƙƙinsa ne. Magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki, pembrolizumab da nivolumab, an amince da su a Amurka tun 2016 don ciwon da ya dawo ko ya bazu, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma ba kowa suke yi wa aiki ba.

Tambayar da dattawa suka fi yi ita ce ta magana, kuma na lura ba hira ce ta dame su ba, karatun sallah ne. Wanda aka cire wa ɗan yanki maganarsa kan dawo kusan yadda take. Wanda aka cire wa rabi zai sha wuya da haruffan da kan harshe ke bugawa, irin su ra, la, ta da tsa, amma ragowar harshen yana koyon sabon aiki in ana horar da shi kullum, kuma karatu a bayyane a hankali yana daga cikin horon. Haka buɗe baki: gashi yana sa tsokar muƙamuƙi ta ɗaure, don haka a riƙa gwada jera yatsu uku a tsaye tsakanin haƙoran gaba, in sun fara ƙin shiga a faɗa wa likita.

Mafi yawan dawowar ciwon cikin shekara biyu na farko take faruwa, shi ya sa bibiya ta fi matsi a lokacin: kowane wata ɗaya zuwa uku a shekarar farko, wata biyu zuwa shida a ta biyu, sannan a riƙa sassautawa har shekara biyar, daga nan sau ɗaya a shekara. Sabon gyambo, sabon ƙullutu a wuya, ciwon kunne da ya dawo ko rama ba dalili ba sa jiran ranar da aka rubuta a kati. Wanda ya koma wa taba yana gayyatar sabuwar kansa a baki, maƙogwaro ko huhu. Wanda aka gasa wa wuya a riƙa gwada masa jini duk wata shida zuwa shekara, saboda ƙullutun maƙogwaron nan da ke kumbura ya zama maƙoƙo yakan rage aiki bayan gashi, mutum ya riƙa jin kasala da sanyi a ɗauka hunturun Jos ne kawai. Bushewar baki takan zauna, hunturu kuma yana ƙara ta, kuma bakin da babu miyau haƙoransa saurin ruɓewa suke yi, don haka gorar ruwa a aljihu da man goge baki mai fuloraid sun zama na kullum. Kwafin sakamakon tsoka da takardar gashi a ajiye su a gida wuri guda. Ko bayan shekara goma ne, kada a bari kowa ya cire haƙori daga muƙamuƙin da aka gasa sai ya ga takardun nan, domin ramin yana iya ƙin warkewa har ƙashin ya mutu.